Rufin Asiri Kafin Ƙawa: Yadda Ake Tsara Kuɗin Gida Su Kawo Kwanciyar Hankali

A Garwa ko Marwa ko Njamena, in ka saurari abin da magidanci ke roƙo bayan salla, da wuya ka ji ya ambaci miliyan. "Allah ya rufa mana asiri," shi ke nan. Wannan addu'a ta riga ta faɗi iyakar aikin kuɗi: a ce akwai hatsi a ɗaki, in yaro ya kwana da zazzaɓi ba sai an buga ƙofar maƙwabci ba, kuma babu wanda kake sauya hanya don kada ku haɗu. Kuɗin da aka sa a wannan aiki barci suke saya maka. Waɗanda suka tafi ga sabbin kujeru da waya ta uku da shadda ta goma daɗinsu ba ya daɗewa, kuma da yawa daga cikin kayan da baki suke zuwa, sai an riƙa ciyar da su.

Saboda haka jeri ake bi: me za a fara toshewa, me zai biyo baya, me zai jira. Alƙaluman da ke ƙasa na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsu.

Kwana talatin da biro

Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Kwana talatin cur, duk abin da ya fita a rubuta shi a ranar: cefane, man babur, katin waya, shayi da burodi a bakin kasuwa, na almajiri, na ɗan'uwan da ya leƙo. Kada ka canja halinka a wannan watan, so ake a kama ka yadda kake. A rubuta da sefa, ba da dala ba. Baki ya saba cewa dala ashirin alhali sefa 100 ake nufi, in aka gauraya su a shafi ɗaya lissafin ya watse. Uwargida ma ta riƙe nata littafin, don kuɗin kayan miya da sabulu da gawayi ta hannunta suke bi, kuma maigida kan yi zaton rabin abin da suke ci ne.

Ƙarshen wata a raba abin da aka rubuta gida uku: na dole, na hulɗa da jama'a, da na marmari. Manyan abubuwa ba su cika ba da mamaki ba, kowa ya san kuɗin hayarsa. Ƙananan ne ke ɓoye. Sefa 500 kullum a kan tsire da lemo 15,000 ne a wata, 180,000 a shekara. Ba cewa ake a daina cin tsire ba. A dai san cewa shi ne aka zaɓa a madadin buhunan dawa.

Ɗan kasuwa yana da ƙarin aiki, wato raba jari da cefane. Aljihu ɗaya ga shago da gida shi ke kashe yawancin ƙananan shaguna, kuma ba a jin mutuwar, sai wata rana a ga kanta ta yi fayau. Ka yanka wa kanka albashi, kaza a mako, ka ɗauka ranar da ka sa, kada ka ƙara. Kowane wata ka ƙirga kaya da farashin sari, ka haɗa da kuɗin hannu, ka cire bashin da ake binka. In jimillar ta ragu wata biyu a jere, albashin da ka yanka ya fi ƙarfin shagon. Bashin da kake bayarwa kuma kada ya haura kashi ɗaya cikin goma na jari, don kuɗin da ke cikin littafin bashi ba sa saro kaya.

Hatsi tukuna

A wannan yanki farashin hatsi yana da hali sananne. Yakan faɗi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya sake sauƙi wajen Fabrairu idan masakwa ta shigo daga karkarar Marwa, sannan ya hau har ya ƙure a Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hanyoyi suka lalace, sabo bai nuna ba. Gidan da ke awo kullum da kwano a wannan tsakani yana biyan mafi tsada a lokacin da ya fi kowane lokaci rashin kuɗi.

Lissafin ba wuya. Ka ɗauki rabin kilo ga kowane mutum a rana. Gida mai mutum takwas kilo 4 ke nan kullum, kilo 480 a wata huɗu na damina, wato buhu biyar na kilo 100. Wanda ba ya iya tanadin shekara, ya yi na waɗannan wata huɗu, kuma ya saya kafin Maris. Mai baƙi da yawa ya ƙara buhu ɗaya.

Ajiya ce ke ba mutane kunya. Hatsin da bai bushe ba zai yi fumfuna, wake kuma ƙwari kan mai da shi gari cikin 'yan watanni. Gwada bushewa da kwalba: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar rana. Sannan a nemi buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Dabarar ma 'yar gida ce, a Marwa masana na Kamaru da na jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada ta a kan wake tun ƙarshen shekarun 1980. A duba ledojin kada a samu huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki iska ce ke ƙare musu, ba a bukatar magani. A ɗora buhunan a kan katako, a janye su daga bango saboda danshi da ɓera. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗewa kowane mako "a duba". Kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwari.

Wannan mataki ya wuce maganar ciki. A 2013 wasu masana, ciki har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun wallafa abin da suka gano a wurin manoman rake na Tamil Nadu a Indiya. Sun gwada kaifin tunaninsu kafin girbi, aljihu a bushe, suka sake gwadawa bayan an biya su, sai ga sakamakon baya ya fi na farko a fili. Mutanen dai su ne, damuwar kuɗi ce ta cinye wani ɓangare na hankalin. Manomin auduga da ke ganin kuɗin Sodecoton ko Cotontchad sau ɗaya a shekara ya san wannan ba tare da an gwada shi ba. Shi ya sa ranar da kuɗin suka shigo, kafin su kwana uku a gida, ya kamata a cire na hatsi, na makaranta, da na taki. Abin da ya rage shi ne naka.

Asusun ciwo

Bayan hatsi sai kuɗin ko-ta-kwana. A fara da abin da zai kai mara lafiya asibiti da dare, a yi gwaji, a sayi magani, a ce 30,000 zuwa 50,000. Daga nan a riƙa ƙarawa har ya kai cefanen wata uku. Akwatin ƙarfe da kwaɗo ya wadatar, mabuɗin a hannun wanda ya fi tauri a gidan, wanda sau da yawa ba maigida ba ne. A yarda tun farko a kan abin da ke buɗe shi: ciwo, haihuwa, gobara, ambaliya. Biki ba ya ciki, don biki ba ya zuwa ba sanarwa.

Ana iya ajiyewa a MTN Mobile Money ko Orange Money, a Chadi kuma Airtel Money ko Moov Money. Ɓarawo ba ya samu, gara ba ta ci. Aibinsa sauƙin fita: kira ɗaya daga ƙauye, kuɗin sun tafi. In a waya za a ajiye, a ware layi daban wanda ba a yawo da shi. A kuma guji cira kaɗan-kaɗan, don kowace cira da ladanta, ga harajin kashi 0.2 cikin ɗari da Kamaru ta sa a kan turawa da cirewa tun 2022. Lambar sirri kuwa ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake ba a ba shi.

Akwai abubuwan da ke rage wa asusun nauyi, mutane na barinsu a banza. A jihohin arewa uku na Kamaru mai ciki na iya sayen Chèque Santé a kan sefa 6,000, ya ɗauke awo da haihuwa, har tiyata in ta kama, da kulawar kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin tsarin. A saya tun farkon ciki, ba ranar naƙuda ba. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina, a tabbatar sun shanye na kwana ukun kowane zagaye.

Bashi da adashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wani hanjin ciwo yake. Mai ba da kuɗi da ruwa kashi 10 a wata, in ka karɓi 100,000, za ka biya 120,000 a shekara kuma uwar kuɗin na nan ba ta motsa ba. Buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka, ruwan kashi ɗari ne cikin wata huɗu. Ko ƙananan bankunan da ke cewa kashi 2 a wata, ka tambaya: a kan kuɗin farko ake lissafawa, ko a kan abin da ya rage? In a kan na farko ne, bashin shekara guda da kake biya wata-wata ainihin ruwansa ya haura kashi 40, ban da kuɗin takardu. Hukuncin riba a addini kowa ya san shi. Lissafin ma bai goyi bayanta ba.

Wanda bashi ya riga ya yi wa katutu, ya rubuta su duka a shafi ɗaya: wa, nawa, yaushe. A fara da mai ruwa, sai na wanda ke cikin matsi, sai sauran. Ka je da ƙafarka kafin a zo maka: "Alhaji, ban manta ba. Jaka goma zan iya duk wata, ga na farko." Yawancin masu bin bashi ɓuya ce ke harzuƙa su fiye da jinkiri. Sabon bashi kuma, ko tsakanin wa da ƙane, a rubuta da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan wannan ta sauka.

Adashi kayan aiki ne mai kyau ga wanda kuɗi ba sa zama a hannunsa. Mutum goma, zubin 10,000 a mako, kwasa 100,000. Ta hanya uku yake lalacewa. Wani ya kwasa da wuri ya daina zubi, don haka sabon shiga a ƙarshe ake sa shi, kuma wanda ya kawo shi ya tsaya masa. Uwar adashi ta juya kuɗin a kasuwancinta su maƙale, don haka a kwashe a ranar zubi, a gaban mutane, da littafi. Na uku shi ne shiga adashi uku a lokaci guda, ana cin bashi a yi zubi. Zubin duka kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shigo maka a mako mara kyau, ba mai kyau ba. Kuma tun ranar shiga a san aikin kwasar. Kwasar da ba a raɗa wa suna ba a rumfar atamfa take ƙarewa.

Kafin ka sayi kaya, ka duba bakinsa

Nan ne maganar ta fi yawa. Kowane kaya farashi biyu gare shi: na ranar saye, da na kowane wata bayan nan. Na farko dillali ke faɗa maka, na biyu sai ka nemo da kanka.

Ɗauki mota. Tsohuwar mota mai shan lita 8 a kilomita 100, in kana yin kilomita 25 a rana, lita 2 ke nan. Da farashin gidan mai na Kamaru, wanda ya tashi daga 630 zuwa 730 a 2023, ya kai 840 a 2024, kana neman 50,000 a wata na mai kaɗai. Zuwa-zuwa, man sumoga na Najeriya da aka dogara da shi, shi ma ya tashi tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023. Ƙara baƙin mai, taya, inshora, takardu, makaniki. Ƙara abin da ba a rubutawa: daga ranar da aka gan ka da mota, gudummawar da ake jira daga gare ka ta ninka, kuma kai ne mai kai mara lafiyar unguwa. Mai samun 200,000 a wata da ya sayi mota ya ƙara mata ce a gidan, mai cin kashi ɗaya cikin uku na abincin. Babur ya fi sauƙi nesa, amma shi ma lita ɗaya a rana 25,000 ne a wata.

Tambaya ta biyu: wannan kaya wahalar kullum yake ɗaukewa, ko idon mutane yake nema? Zuciya tana sabo da sabon abu da sauri. Kujerun da aka kwana ana kallo, bayan wata biyu wurin zama ne kawai. Masana sun daɗe da lura da haka, har wani bincike na 1978 a Amurka ya samu cewa waɗanda suka ci manyan kuɗin caca ba su fi maƙwabtansu jin daɗi da wani abin kirki ba. Amma abin da ke cire ciwon da ke dawowa kullum, amfaninsa ma kullum yake dawowa. Rufin da ba ya yoyo. Katifa mai kyau ga mai ciwon baya. Famfo ko tanki a gida, yara su huta da jarka. Murhun gas a maimakon hayaƙin itace da ke cin idon uwargida. Fanka a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Kusseri ke wuce 40.

Bari mu tsaya kan fankar, don kuɗi kaɗan ne ke sayen barcin gida guda in an yi daidai. Fanka mai aiki da batir tana cin wajen wat 20, awa 8 ya zama wat-awa 160. Ƙwai uku na wat 5, awa 5, 75. Cajin wayoyi a ce 30. Jimilla wajen 265 a rana. Faifan sola na wat 100 yana ba da kusan 400 a ranar da take da haske, ya isa. Batirin ruwa ko na jel rabinsa kawai ake sha in ana so ya daɗe, saboda haka a nemi na bolt 12 mai amfiya 60 zuwa 70, da na'urar daidaita caji ta amfiya 10. Abin da ke kashe shi: a sa batirin mota, wanda ba a yi shi don a zuƙe shi a hankali ba, a haɗa faifan da batir kai tsaye ba na'ura, a ƙara talabijin da firji a kan abin da aka auna wa fanka, a bar ƙurar hunturu ta rufe faifan. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe, sau biyu a mako.

Sai dokar jira. Duk abin da ya haura cefanen mako guda kuma ba na dole ba ne, a ba shi kwana bakwai. Wanda ya haura samun wata, kwana talatin. A rubuta shi a littafin da ranar da aka so shi. Rabinsu da kansu suke mutuwa. In mai sayarwa ya ce yau kaɗai ne wannan farashi, ya ba ka dalilin tafiya.

A lura kuma da inda sha'awar ta fito. In bayan zaman majalisa ne ko bayan duba hotunan biki a Facebook da TikTok, to ba bukata ba ce, gwada tsawo ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce a dubi na ƙasa, kada a dubi na sama, don kada a rena ni'imar Allah. A aikace, wanda ke zama kullum da waɗanda suka ninka shi samu sau biyar zai riƙa jin talauci ko nawa yake samu. A rage zaman, ba sai an yanke zumunci ba.

Kada a ɗauka ana yabon talauci ne. Masu cewa kuɗi ba sa kawo farin ciki yawanci sun ƙoshi. Binciken Daniel Kahneman da Angus Deaton na 2010 ya nuna jin daɗin yau da kullum na ƙaruwa da samu har wajen dalar Amurka 75,000 a shekara a Amurka, na baya-bayan nan ma sun ce ga yawancin mutane ƙaruwar ba ta tsayawa a nan. Sai dai kowane ƙari ƙarfinsa raguwa yake. Jaka hamsin a hannun mai samun 60,000 ta canja rayuwa, a hannun mai miliyan ko lura ba zai yi ba.

Biki, salla, da dangi

Shekarar magidanci tana da duwatsu sanannu: azumi, ƙaramar salla, layya, komawa makaranta a Satumba ko Oktoba, da ƙuncin Agusta. Tun da watannin Musulunci na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, wani lokaci biyu ko uku sukan haɗu. A jera su a farkon shekara, a kimanta kowanne, a raba jimillar gida goma sha biyu. Ɗinkin salla a kai wa tela wata biyu kafin lokaci. Ragon layya a saya wata uku ko huɗu kafin salla, a ba shi maganin tsutsa, a turke shi da harawa da dusa da kanwa. Wanda zai bukaci kuɗin ragon don larurar gidansa, malaman Malikiyya sun ce layya ba ta hau kansa ba. Cin bashi don kada yara su ga na maƙwabta ba ibada ba ce.

Aure shi ne babban rami. Ƙa'ida ɗaya ta isa: kada a kai amarya ɗakin da aka cika da bashi. Iyaye mata na ɓangarorin biyu su zauna tun kafin a sa rana, su yanke adadin akwatin lefe da kwanakin taro. Daga kuɗin kayan ɗaki a cire kashi ɗaya cikin uku a saya wa yarinya abin da ke riƙe daraja: zinariya, ko tumaki biyu, ko keken ɗinki in ta iya. Jeren kwanukan da ke cikin kabad ranar da aka matsu ba ya dawo da rabin kuɗinsa. Anko kuma a yi wa shekara iyaka, a ce uku, na jini kaɗai.

Dangi ba ɓarna ba ne. Su ne inshorar da ta riga kowane kamfani, kuma mutum ya fi jin daɗin abin da ya kashe wa wani fiye da yadda yake zato. Abin da ke ɓata shi rashin iyaka. A ware kaso, misali kashi ɗaya cikin goma na samu. Iyaye a yanka musu abu tsayayye duk wata, ya fi babban abu sau ɗaya sannan shiru. Inda ake tsoron kuɗin su bi wata hanya, a ba da hatsi ko a biya makaranta kai tsaye. In kason ya ƙare, a faɗi gaskiya da ladabi: "Kawu, abin da na ware na wannan wata ya ƙare. Ga wannan a sha ruwa, in wata ya kama da kai zan fara." Kada a ba ɗan'uwa rancen da in bai biya ba za a daina gaisawa. A ba shi rabin kyauta, ya fi arha.

Zakka tana da lissafinta daban, kada a gauraya ta da wannan kaso: kashi 2.5 cikin ɗari na kuɗi da kayan sayarwa in sun kai kimar giram 85 na zinariya kuma shekara ta zagayo. Hatsi in ya kai wajen kilo 650, kashi ɗaya cikin goma na noman ruwan sama, rabin haka na ban-ruwa. Tumaki da awaki 40, guda ɗaya. Shanu 30, ɗan maraƙi.

Inda rara za ta kwana

In duk wannan ya tsaya kuma akwai saura, kada a zuba ta wuri ɗaya. Waɗanda suka riƙe takardun kuɗi zalla a Janairun 1994 sun wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta a kan kuɗin Faransa. 'Yan kasuwar kan iyaka da suka tara naira sun ga irin haka a 2023 da 2024. Dabba tana haihuwa amma tana mutuwa, ana kuma sace ta, sai da amintaccen makiyayi da rigakafi. Fili a je a gan shi a watan Agusta, ba a Maris ba. Ambaliyar 2024 a Yagwa da Njamena ta nuna unguwannin da aka gina a hanyar ruwa. A Kamaru takardar mallaka ta gwamnati ce kaɗai hujja cikakkiya, ta lawan ko jauro shaida ce ta ciniki, don haka a bincika a ofishin filaye kafin a biya, a tambayi maƙwabtan filin su ma. Duk wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya ko biyu, ko da sunan ƙungiya ko da na kuɗin intanet, a tuna MMM a Najeriya a 2016 da MIDA a Yawunde a 2018. Na farko ana biyansu da kuɗin na baya, har ranar da na baya suka ƙare.

Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, maigida da uwargida su zauna da littattafan biyu bayan yara sun yi barci. A duba buhu nawa suka rage, nawa ke cikin akwati, wa ake bi, wa ke bi. Sannan a zagaya ɗakuna. Atamfar da ba a ɗinka ba, tsohuwar waya, injin da aka ce za a gyara tun bara, duk abin da shekara ta zagayo ba a taɓa shi ba a kira dillaliya ta yi masa kuɗi, a juye kuɗin dawa kafin Maris ya shigo.